Mai Barkwanci Ya Rubuta Soyayya: Steve Martin da Hukuncin Masu Karatu

A ƙarshen watan Nuwamban 2010, wata tsohuwar cibiyar al'adu da ke birnin Niyok, mai suna 92nd Street Y, ta gayyaci Steve Martin domin ya zauna gaban jama'a su tattauna da 'yar jarida Deborah Solomon. A lokacin ya fitar da sabon littafinsa, *An Object of Beauty*, wanda ya ginu a kan kasuwar zane-zane, saboda haka hirar ta karkata ga masu zane da dillalansu da attajiran da ke saye. Ana cikin magana sai aka hau dandamali aka miƙa wa mai tambayar wata takarda, cewa masu kallo sun ƙosa, a tambaye shi labarin sana'arsa ta wasan kwaikwayo. Bayan an tashi, cibiyar ta aika wa masu tikiti saƙon ban haƙuri, ta kuma yi musu tayin takardar fansa ta dala 50, wato kimar abin da kowannensu ya biya. Bai zagi kowa ba, bai makara ba, bai ƙi amsa tambaya ba. Laifinsa a daren nan shi ne an zo kallon mai barkwanci sai aka tarar da marubuci.

Na kawo wannan labari ne domin shi ya fi komai fayyace abin da ya sami wani littafin nasa da ya riga wancan fitowa da shekara goma, *Shopgirl*, ma'ana 'yar kanti, wanda kamfanin Hyperion ya buga a 2000. Shi ne dogon ƙagaggen labarinsa na farko, kuma labarin soyayya ne. Tun fitowarsa har yau, duk wanda ya bi sharhin da masu karatu ke rubutawa a kansa a Amazon ko Goodreads zai ga yabo mai yawa, zai kuma ga mutane da dama suna neman a mayar musu da kuɗinsu, kowa da dalilinsa. Ra'ayina shi ne mafi yawan waɗannan ƙorafe-ƙorafe sunan da ke bangon littafin suke yi wa hukunci, ba abin da ke cikinsa ba. Amma akwai guda ɗaya da ya sami littafin a gaɓa, kuma masu kare Martin ba su cika son tsayawa a kansa ba.

Sai an san girman sunan kafin a gane nauyin da ya ɗora wa littafin. An haifi Martin a 1945 a garin Waco na jihar Texas, ya tashi a Kalifoniya, ya fara neman kuɗi yana yaro a filin wasanni na Disneyland. Ya karanci falsafa a jami'a, sannan ya shiga rubuta barkwanci wa shirin talabijin na Smothers Brothers, inda ya sami lambar Emmy a 1969 tare da abokan aikinsa. A ƙarshen shekarun 1970 ya zama mai barkwancin da ke cika manyan filaye shi kaɗai, sanye da fararen kaya, da kibiyar wasa da ke kama da ta huda kansa, yana kaɗa banjo, wani abin kiɗa mai tsirkiya dangin gurmi. Fim ɗinsa na 1979, *The Jerk*, ya tabbatar masa da siffar wawan da ake so. Mai karatu na gida ya tuna yadda marigayi Rabilu Musa Ibro yake: fitowarsa kawai a allo ta isa a fara dariya tun bai buɗe baki ba. To irin wannan jarin Martin ya tara a Amurka, kuma irin wannan jarin bashi ne, domin jama'a na ganin suna bin mai shi dariya a duk inda suka gamu da shi.

Littafin kuwa ɗan siriri ne, bai wuce shafi 130 ba. Mirabelle budurwa ce 'yar shekara 28 da ta baro jihar Vermont ta zo Los Anjeles. Tana tsaye wuni guda a sashen safar hannu ta ado a kantin Neiman Marcus da ke Beverly Hills, sashen da ba kasafai ake zuwa ba domin zamanin kayan ya wuce. Tana zane da daddare, tana fama da bashi, tana shan maganin ciwon damuwa. Maza biyu suka shigo rayuwarta. Jeremy sa'anta ne, suka haɗu a shagon injinan wanki, ba shi da kuɗi, ba shi da tsari, bai san yadda ake kula da mace ba. Ray Porter attajiri ne da ya haura hamsin, yana da gida a Seattle da wani a Los Anjeles. Ya sayi safar hannu a wurinta, ya aika mata da ita gida tare da takardar gayyatar cin abinci. Ray ya kyautata mata, ya yi mata sutura, ya sauke mata bashi, amma bai taɓa nufin ya riƙe ta ba. Daga ƙarshe ta bar shi, shi kuma ya gane a makare abin da ya yi.

Rukunin farko na masu ƙorafi su ne waɗanda suka ce sun karanta har ƙarshe ba su yi dariya ba. Ba zan daɗe a kansu ba, domin ƙorafinsu shi ne na masu tikitin dala 50, kuma sabo turken wawa ne. Mutum ya shiga rumfar mai shayi ya tarar yau fura ake damawa, yana da damar ya fita, amma ba shi da hujjar cewa furar ba ta yi gardi ba alhali bai kurɓa ba. Sai dai adalci ya sa a faɗi ɗaya gefen. Sunan da ya jawo wa littafin masu karatun da ba nasa ba, shi ne kuma ya kai shi jerin littattafan da suka fi kasuwa na jaridar New York Times. Da wani sabon marubuci ne da ba a sani ba ya kawo ɗan labari mai sanyi a kan 'yar kanti mai ciwon damuwa, da wuya a buga masa kwafi masu yawa haka. Wanda ya ci ribar suna bai kamata ya yi mamakin harajinsa ba.

Abin da ya fi jan hankalina a wannan rukuni shi ne kuskuren da suka yi ko a kan ma'auninsu. Suna cewa mai barkwancin ya ɓace, alhali yana nan a kowane shafi, kayan aikinsa kawai ya juya. Ginshiƙin barkwanci tun fil azal shi ne tazarar da ke tsakanin abin da aka faɗa da abin da aka ji. A dandamali, wannan tazara dariya take haifarwa. A littafin akwai wurin da Ray ya zaunar da Mirabelle ya yi mata bayanin da yake ganin na gaskiya ne tsantsa: yana yawan tafiya, bai shirya ɗaure kansa ba, kowa na da 'yancin ganin wani. Ya tashi zuciyarsa wasai, ya sauke nauyi. Ita kuwa abin da kunnenta ya ɗauka shi ne mutumin nan yana gab da faɗawa sonta, yana dai tsoro ne, kuma zai rage tafiye-tafiyen. Su biyun sun rabu kowa na murna da hirar, kowa da tasa fassarar. Wannan tsarin almara ce ta ban dariya sak, irin ta kurma biyu da ke ciniki a kasuwa. Martin ya gina ta da ƙwarewar wanda ya shafe shekaru yana auna numfashin masu sauraro, sannan ya hana ta fashewa da dariya, ya bar ta ta zama ciwon da zai ɗauki sauran littafin yana ruruwa. Marubucin da bai yi aikin barkwanci ba da wuya ya ga wannan tazara da irin wannan kaifi.

Kuma wace ce ba ta san Ray ba? Namijin da ke cewa "ai na gaya mata gaskiya tun farko" yana ko'ina, a Beverly Hills da wajenta. Abin da littafin ya kama shi ne yadda irin wannan gaskiyar ke zama garkuwa. Baki ya ce kada ki dogara da ni, hannu kuma yana biyan bashi, yana aiko da riga, yana kira da daddare a tambayi lafiya. Wanda ake yi wa hidima aiki yake gaskatawa, ba magana ba, kuma mai hidimar ya san haka ko da ya ƙi yarda a ransa.

Rukuni na biyu masu karatun soyayya ne na asali, kuma ƙorafinsu ya fi na farko tushe. A kasuwar littattafan Amurka, labarin soyayya sana'a ce mai ƙa'ida. Ƙungiyar marubutansa, Romance Writers of America, ta daɗe da tsayar da sharuɗɗa biyu: soyayyar ta zama ita ce tsakiyar labari, ƙarshen kuma ya zama mai gamsarwa da kyakkyawan fata. Mai sayen irin wannan littafi alkawari ya saya, kamar yadda mai sayen labarin ɗan sanda ya san za a kama mai laifi. Idan aka auna *Shopgirl* da wannan ma'auni, ya cika sharaɗin a takarda amma ya saɓa masa a zuciya. Gaskiya ne Mirabelle ta ƙare tare da Jeremy. Amma soyayyar da littafin ya ba wa lokacinsa da hankalinsa ita ce wadda ta mutu, wadda ta rayu kuwa a gurguje aka ɗinka ta.

A nan ina tare da su rabi. Sauyin Jeremy shi ne wuri mafi rauni a ginin labarin. An ɗauke shi daga idonmu, an sa shi a motar wasu mawaƙa masu yawon wasa gari-gari, ya yi ta sauraron littattafan gyaran hali a hanya, sai ga shi ya dawo da kwat da ladabi da sana'a. A wasan barkwanci na minti biyar wannan dabara ce mai kyau, har ma da ɗan zambo ga Amurkawa da imaninsu cewa ana iya sayen sabon hali a kanti. A labarin da ya nemi mu ɗauki zafin Mirabelle da gaske kuwa, ba ta isa ba. Ba mu ga yaron yana girma ba, an dai sanar da mu ya girma. Inda na rabu da wannan rukuni shi ne buƙatarsu ta a daɗaɗa musu rai. Littafin bai yi musu wannan alkawari ba. Martin ya riga ya nuna ya iya soyayya mai daɗin ƙarshe a fim ɗin *Roxanne* na 1987, wanda ya rubuta bisa tsohon wasan Faransa na Cyrano de Bergerac, ya kuma sauya ƙarshen baƙin cikin asali ya mayar da shi farin ciki. Idan bai yi haka a nan ba, zaɓi ne, ba gazawa ba.

Rukuni na uku su ne nake ganin ya kamata a saurara da kyau, kuma da yawansu mata ne. Zarginsu kashi biyu ne da ke haɗuwa a wuri ɗaya. Na farko, cewa littafin mafarkin dattijon attajiri ne: Martin yana da shekara 55 lokacin da ya fito, Ray ma ya haura hamsin, dukansu masu kuɗi ne masu ɗanɗano, ga kuma kyakkyawar yarinya marar galihu tana jiran a lura da ita. Na biyu, cewa mai ba da labarin ba ya yin shiru. Ba ya barin mutanensa su yi magana ko su yi aiki mu fahimta da kanmu. Shi ne zai gaya maka abin da Mirabelle ke ji, da dalilin da ya sa take jin sa, da abin da ba ta sani ba game da kanta, da abin da za ta gane nan da wata shida.

Kashin farko shi kaɗai bai gamsar da ni ba. Kamanni tsakanin marubuci da tauraronsa ba laifi ba ne, kuma littafin bai wanke Ray ba. Ya nuna shi yana cin amanarta, ya nuna shi yana sanar da ita don ya sauƙaƙa wa kansa ba don ita ba, ya nuna cewa karamcinsa hanya ce ta biyan diyyar abin da ya ƙi bayarwa. Wanda ke rubuta mafarkinsa ba ya yi wa kansa wannan tonon silili. Amma idan aka haɗa kashin farko da na biyu, sai zargin ya yi haƙori. Muryar da ke bayani a littafin murya ce ta namiji mai shekaru, mai ilimi, mai natsuwa, mai kallon kowa daga sama da tausayi. Wato muryar ta fi kama da Ray fiye da kowa. Idan ta zo kan kurakuran Ray, sai ta yi musu bayani a hankali, ta nuna bai yi da mugunta ba, yana koyo ne a makare, har a ƙarshe ta ba shi matsayin uba mai kula daga nesa. Idan ta zo kan Mirabelle, sai ta siffanta ta kamar yadda mai tara zane ke siffanta abin da ya rataya a bango: tsayuwarta, ƙafafunta, shirunta, kyawun da ita kanta ba ta san tana da shi ba. Ana kallonta fiye da yadda take kallo. Littafin sunanta yake ɗauke da shi, amma da wuya ka rufe shi kana iya tuna yadda take magana.

Ga kuma Lisa, abokiyar aikinta ta sashen kayan kwalliya, wadda aka zana a matsayin macen da ta mayar da kyawunta makami, har ta yi wa Jeremy tarko bisa zaton shi ne Ray. Wurin yana da ban dariya, shi ne ma abin da rukunin farko suka zo nema. Amma Lisa zanen zambo ce ba mutum ba, kuma an ajiye ta ne don hasken Mirabelle ya ƙara fitowa: ga ta gari mai kunya, ga ta banza mai wayo. Mai karatun da ta ce ta gaji da wannan rabon mata gida biyu ba ta yi ƙarya ba.

Wasu na ɗora wannan yawan bayani a kan sana'arsa ta farko, suna cewa mai barkwanci ya saba riƙe linzamin jama'a, ba ya iya sakin sa. Ni ina ganin akasin haka ne, kuma hujjata daga bakinsa take. A littafin tarihin rayuwarsa, *Born Standing Up*, na 2007, Martin ya bayyana dabarar da ta ɗaukaka shi a dandamali. Ya lura cewa masu barkwanci na gina zance ne zuwa wata gaɓa da kowa ya san nan ake dariya, har jama'a na dariyar ko abin bai ba su ba, don an yi musu ishara. Sai ya yanke shawarar cire wannan gaɓa, ya yi ta tara musu ɗoki ba tare da ya nuna musu inda za su sauke shi ba, har kowa ya zaɓi wurin dariyarsa da kansa. Wannan amana ce babba ga mai sauraro. Mutumin da ya yi wannan kasada a gaban dubban jama'a, da ya zauna rubuta labarin soyayya sai ya kasa yin ta ga mai karatu ɗaya. Ya nuna masa inda zai ji tausayi, inda zai yi murmushi, inda zai yafe. Abin da nake gani a nan ɗari-ɗarin baƙo ne a gidan da ba nasa ba, mai tsoron kada a ce bai iya ba, ko kuma kada a yi dariya a inda bai nufa ba. Kuma idan aka tuna takardar da aka miƙa a dandamalin Niyok bayan shekara goma, tsoron nasa ba na banza ba ne. Masu jiran dariya sun taimaka wajen haifar da aibin da masu karatu na gaske suka kama.

Duk da haka ba zan ce muryar ba ta da amfani ba. Akwai masu karatu da yawa, musamman waɗanda suka taɓa zama su kaɗai a babban birni ko suka san ciwon damuwa daga ciki, da ke cewa wannan sanyin muryar shi ne abin da ya riƙe su. Littafin bai mayar da ciwon Mirabelle abin ado ba. Ya nuna shi a matsayin abu mai zuwa ya danne mutum ko da abubuwa na tafiya daidai, ya nuna magani na iya daina aiki a sauya wani, ya nuna yadda ƙarshen mako ke tsawo ga wanda ba mai kiran sa. A shekarar 2000, daga alƙalamin mutumin da aka sani da kibiya a ka, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Waɗannan masu karatu da 'yan rukuni na uku littafi ɗaya suka karanta, siffa ɗaya suka gani, wato nisan da ke tsakanin mai ba da labari da yarinyar. Wasu suka ji shi a matsayin kunya da girmamawa, wasu suka ji shi a matsayin mallaka. Na karanta shi sau biyu, na farko na bi bayan masu yabo, na biyu na kasa daina jin abin da masu suka ke ji.

Da alama shi ma ya ji wani abu. A littafinsa na gaba, *The Pleasure of My Company*, na 2003, ya sauka daga sama ya miƙa labarin ga bakin tauraron kansa, wani matashi mai fama da waswasi da tsare-tsaren da suka hana shi ko tsallaka titi yadda kowa ke yi. Da murya ta koma cikin mutum, sai barkwanci da tausayi suka zauna wuri ɗaya ba tare da wani ya tsaya yana fassara ba.

Sai dai da aka zo mayar da *Shopgirl* fim a 2005, ƙarƙashin jagorancin Anand Tucker, Martin ne ya rubuta shi, Claire Danes ta fito a Mirabelle, Jason Schwartzman ya fito a Jeremy, shi kuma ya ɗauki matsayin Ray Porter. Danes ta ba yarinyar abin da shafi ya hana ta, domin fuska na iya faɗin abin da ba a rubuta ba, kuma 'yan kallo da dama sun fi jin Mirabelle a allo fiye da a takarda. Amma fim ɗin ya riƙe mai ba da labari, wata murya da ke shigowa daga bayan fage tana bayyana ma'anar abin da ake gani. Martin ne ya karanta ta da kansa. Saboda haka duk lokacin da aka tsaya a gaya wa mai kallo abin da ke zuciyar Mirabelle, da muryar Ray ake gaya masa.